BAYAN FAGE: Muryar Shata ba ta dishe ba, hed ne ya karkace

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin matasa masu bin tsofaffin finafinai a YouTube, ko masu tura wa juna waƙoƙin da a WhatsApp. Wai sautin mutanen da ba ya fita, kamar mawaƙin ya tusa kan sa cikin tulu ne ya ke rerawa. Da an faɗi haka sai wani ya kada baki ya ce, "Ai kayan da ne, haka su ke." Shi ke nan an kashe magana, an ɗora wa tsufa laifi.

To, ba kullum ne tsufa ke da laifin ba. Sau tari sautin ya na nan garau kwance a jikin zaren, wanda ya juye shi zuwa kwamfuta ne ya yi aikin da rikodar da hed ɗin ta ya karkace. Wani ɗan sukuru ne guda ɗaya tak, kan sa bai fi ƙwayar dawa ba, shi ke raba tsakanin kalangun da ke magana da kalangun da ke gunguni. Abin takaicin kuma shi ne, mutane da yawa idan an gama juye masu sai su watsar da zaren, su na ganin ai an gama. Daga ranar wannan dishasshen kwafi shi ne ya zama asali, kuma shi za a gadar wa 'yan baya.

Maganar ta shafi ko'ina, amma a ɗauki Zango a matsayin misali. Garin ya na gabas da Daura, dab da iyakar Nijar, kuma ba baya ba ne a tarihi. Bayan jihadi ya ci Daura, a nan sarakunan Haɓe su ka kafa zaman su wajen 1825, daga nan ne kuma Turawa su ka ɗauko Malam Musa su ka mai da shi kan gadon sarautar Daura a farkon zuwan su. Ƙasa ce ta tambari da kakaki da algaita da Sallar Gani. Ƙasa ce kuma da Alhaji Mamman Shata ya ɗauka gida, domin da ya rasu a 1999 a Daura aka rufe shi, garin ubangidan sa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Allah ya jiƙan su. A irin wannan yanki, gidan da ya taɓa samun ma'aikacin gwamnati, ko ɗan kasuwa, ko alhajin da ya dawo da rikoda daga Makka, da wuya a rasa wani kwali a ƙarƙashin gado mai ɗauke da zare: kiɗan biki, tafsirin azumi, hawan Sallah, shirin da aka ɗauka daga Rediyon Kaduna, ko saƙon muryar ɗan'uwa da aka aiko daga nesa lokacin da babu waya. Mafi yawa kaset ne. 'Yan kaɗan daga ciki, waɗanda su ka fi tsufa kuma su ka fi daraja, na babbar rikodar nan ne mai faifai biyu a fili, wadda ma'aikatan rediyo ke ce wa ril.

Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin ta ba sai a fim ɗin Turawa, inda 'yan leƙen asiri ke zaune su na sauraren wayar mutane. Faifai biyu ne ke juyawa, ɗaya na sakin zare ɗaya na naɗewa. Faɗin zaren milimita 6.35 ne, ya na gudun santimita 9.5 ko 19 ko 38 a daƙiƙa ɗaya, gwargwadon aikin da ake so. Kamfanin AEG na Jamus ne ya fara nuna ta a Balin a 1935, bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa su ka kwashi fasahar, Ampex ya fito da nasa samfurin a 1948. Lokacin da aka buɗe gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna a 1962, ril ita ce kayan aikin gidajen rediyo a duniya, da ita ake ɗaukar makaɗa, da reza ake yanka zaren a haɗa. Kaset ɗin da kowa ya sani ƙanen ta ne. Philips ya fito da shi a 1963, zaren sa milimita 3.81, gudun sa santimita 4.76 kacal.

Shi dai zaren ba wani abu ba ne illa siririyar leda da aka shafa wa garin tsatsa, wanda ke kama maganaɗisu. A rikoda mai kyau ya na gogar hed uku a jere: na farko ya goge abin da ke kai, na biyu ya ɗauka, na uku ya karanto. A tsakiyar fuskar kowane hed akwai wata tsaga siririya wadda ido ba ya gani sosai, kuma ta nan ne duk aikin ke bi.

Ɗan manomi zai fi kowa saurin gane abin da ke faruwa. Hed mai ɗauka ya na yi wa zaren kunyoyi ne na maganaɗisu, a gicciye, kunya da kwari, kunya da kwari. Sauti mai kauri, irin na tambari, kunyoyin sa manya ne masu faɗi. Sauti mai kaifi, irin tafi ko bugun bakin kalangu, kunyoyin sa ƙanana ne a matse. Idan tsagar hed mai karatu ta kwanta daidai da kunyar, za ta karanta kunya ɗaya a lokaci ɗaya. Idan kuwa ta karkace, sai saman ta ya hau kunya, ƙasan ta ya faɗa kwari, biyun su kashe juna. Manyan kunyoyi ba ruwan su da 'yar karkata, shi ya sa gangar ke nan ta na dukan ƙirji. Ƙananan ne ke ɓacewa. Wannan kusurwa da tsagar ke tsayawa a kai ita injiniyoyi ke kira azimut, kuma a ƙa'ida digiri 90 ce cif da hanyar zaren.

Ga lissafin don mai son lissafi. Sautin da ke kaɗawa sau 10,000 a daƙiƙa, a zaren da ke gudun santimita 19, tazarar kunya zuwa kunya milimita 0.019 ce, wato silin gashi ma ya ninka ta kauri sau uku ko fiye. Idan layi ɗaya aka ɗauka da ya cike faɗin zaren duka, karkatar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na digiri ɗaya ba ta isa ta shafe wannan sauti kwata-kwata. Idan zaren na gudun 9.5 ne, rabin wannan karkatar ma ta isa. Babu idon da zai ga irin wannan, sai kunne. Kuma ba kiɗa kaɗai ke cutuwa ba, har da magana. Abin da ke bambanta "sara" da "shara" da "tsara" duk a cikin kaifin nan ya ke zaune. Shi ya sa za a ji matasa su na gardama a kan wata kalma a tsohuwar waƙa, kowa da abin da ya ji, alhali mawaƙin ya faɗe ta fes.

Yanzu ga yadda mai gyara na ƙwarai ke yin aikin, don mai kaya ya san abin da zai sa wa ido.

Ba ya fara da sukuru, da auduga ya ke farawa. Rikodar da ta sha hunturu talatin a ɗaki, ƙura da dattin tsatsa sun toshe mata fuska, kuma hed mai datti shi ma dishewa ya ke yi sak irin na karkatacce. A na goge hed da duk ƙarafan da zare ke bi da sufirit mai tsabta, wanda ba a gauraya da kala ko turare ba. 'Yar tayar roba da ke matse zaren ita ba ta son sufirit, ya na busar da ita, ruwa kaɗan ya ishe ta. Daga nan a cire maganaɗisun da ya taru a hed da na'urar da aka yi don haka, rikoda a kashe, zare kuma a can nesa. A nan akwai wata ɗabi'a ta masu gyaran rediyo da ya kamata a yi hattara da ita: su kan goga sukundireba a bayan lasifika don ta riƙa kama ƙananan sukurori. Dabara ce mai kyau a wani aikin, amma irin wannan sukundireba idan ta taɓa hed ta bar masa maganaɗisu, shi kuma ya riƙa ƙara wa zare shuu ya na rage masa kaifi duk wucewa ɗaya. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Sai a duba ko hed ɗin ya cinye. Shekaru na gogar zare kan yi masa kwari a fuska, har farce ya kan maƙale a gefen. Idan ya kai haka, murɗa shi zai sa gefen zare ya hau gaɓar kwarin ya tattare. Irin wannan sai dai a goge fuskar a wurin gwanaye ko a canza shi.

Hed na da sukurori fiye da ɗaya, kuma nan ne ake yin ta'asa. Akwai masu ɗaga shi sama ko ƙasa, akwai masu jingina shi gaba ko baya, akwai kuma yadda zaren ke rungumar fuskar sa. Waɗannan, muddin ba canza hed aka yi ba, a bar su yadda kamfani ya bar su. Galibi ma za a ga an ɗiga masu fenti don kada su motsa. Guda ɗaya ake nema, na azimut, wanda a yawancin rikodoji ke gefe ɗaya na gindin hed, wani lokacin da ɗan sifirin a ƙarƙashin ɗaya gefen. Mai gyaran da ya kama murɗa duk sukurun da ya gani, a karɓe kaya a yi masa sallama.

Idan rikodar ake so a mai da daidai, akwai zare na musamman da ake kira zaren gwaji, irin wanda kamfanin MRL na Amurka ya yi suna a kai. Ba waƙa a cikin sa, sai fito iri-iri da aka ɗauka da hed madaidaici. A na sa fiton mai kaifi, a na murɗa sukurun a hankali a na kallon allurar rikodar, har ta kai ƙololuwa. Sai dai akwai tarko: a hagu da damar ƙololuwar gaskiya akwai wasu ƙanana na ƙarya, don haka a kan fara da fito mai kauri-kauri a kama hanya, sannan a ƙarasa da mai kaifi. Mai kwamfuta na iya kallon layin hagu da na dama a manhaja. Idan sun zo daidai zai ga sanda ɗaya a karkace, idan da saura zai ga abu kamar ƙwai. An gama da hed mai karatu, sai a ɗauki fito a sabon zare, a na saurare ta mai karatun a na murɗa mai ɗauka har su dace. A ƙarshe a ɗiga wa sukurun jan farce, ya bushe ya riƙe shi.

To amma ga inda ko masu gyara na ƙwarai ke yin tuntuɓe. Wancan duka don rikodar da za a yi sabuwar ɗauka da ita ne. Idan tsohon zare za a juye, ba ruwan sa da zaren gwaji. Rikodar da aka ɗauki kiɗan da ita shekara hamsin da su ka wuce, wataƙila ta sha jijjiga a bayan Landiroba a kan hanyar Daura zuwa Zango kafin a kunna ta a ƙofar fada. Idan hed ɗin ta a karkace ya ke a ranar, to kunyoyin ma a karkace su ka kwanta, kuma haka za su zauna har abada. Hed madaidaici a wurin wannan zare shi ne karkatacce. Saboda haka ƙa'idar masu adana sauti ta duniya, wadda ƙungiyar IASA ta rubuta, ita ce a karkata hed ya bi zaren. Kowane zare da nasa saitin, kowane gefe da nasa, kai, idan an yi haɗi da reza a tsakiya, abin da ke bayan haɗin ma ya na iya zama daga wata rikodar ya fito.

Kuma wannan aiki kunne ke yin sa. A haɗe hagu da dama su zama layi ɗaya, a sa abin saurare a kunne, a nemi wurin da ke da tafi ko guɗa ko "s" mai yawa. A murɗa kaɗan dama, a dawo, a murɗa kaɗan hagu. Da wuya a buƙaci fiye da kwatar zagaye. Akwai wurin da sautin zai buɗe farat ɗaya kamar an yaye labule, 'yan amshi su fito daga bayan mawaƙi, a ji har numfashin sa. Nan ne wurin. Duk wanda ya taɓa jin wannan buɗewar sau ɗaya ba zai sake yarda da maganar "haka kayan da su ke" ba. Minti biyu ne aikin, amma mai juye kaset ɗari a rana don a biya shi ba zai tsaya ba sai an tsayar da shi.

Akwai wasu ramukan a hanya. Ril iri-iri ne: mai layi ɗaya, mai biyu, mai huɗu. Idan aka sa mai layi huɗu a rikoda mai layi biyu, sai a ji wata murya na magana da baya-baya a ƙarƙashin waƙar, har wani ya fara a'uziyya, alhali ɗaya gefen ne ke shigowa. Tsofaffin rikodoji da yawa kuma gudun motar su na bin wutar da aka ba su ne. Wadda aka ƙera don wutar Amurka mai bugu 60, idan ta sha ta Nijeriya mai 50 sai ta ja ƙafa, muryar ta yi kauri. Ƙaramin janareto ma da ke hawa da sauka zai sa waƙa ta riƙa lilo. Sannan wasu zarurrukan na shekarun 1970 da 1980 gam ɗin su na tsotsar laima ya yi danƙo. Alamar ita ce zare ya riƙa ƙugi ya na barin baƙin datti a hed. Da an ji haka a tsaya nan take, domin sautin ne ke kankarewa. Masana na gasa irin wannan a tanda ta musamman a zafi kaɗan sama da digiri 50 na tsawon sa'o'i, amma ba a tandar burodi ba, ba kuma a shanya a rana ba. Tsohon zare na asitet, wanda haske ke ratsa naɗin sa idan an ɗaga shi, shi gashi kashe shi ya ke yi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan fim da duk wannan? Da ruwan sa har da tsaki. A zamanin fim na majigi kyamara hoto kawai ta ke ɗauka, sauti na kan ril dabam, galibi a rikodar Nagra da Stefan Kudelski ya ƙera a Suwizalan. Katakon nan da ake bugawa kafin a ce "akshin" dalilin sa ke nan, don edita ya haɗa ƙarar da hoton. A maƙwabta Nijar, Musa Hamidu ya yi suna ne a kan ɗaukar sauti a finafinan Jean Rouch. A nan gida kuma, fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe a na zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifan sa a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. An samu yin haka ne saboda asalin na nan ba a zubar ba.

Finafinan Kano kuwa, tun daga Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo su ka tashi, waƙoƙin su kuma a kaset ɗin rediyo su ka zaga duniya. A bidiyo, sautin gama-gari na kwance ne a siririn layi a gefen zaren, wani tsayayyen hed ke karanta shi, kuma shi ma ya na da sukurun azimut. Zaren bidiyo na tafiya ne a santimita 2.3 da ɗoriya a daƙiƙa, bai kai rabin gudun kaset ba, don haka kunyoyin sa sun fi matsewa. Maɓallin tirakin da iyaye su ka saba dannawa idan hoto na rawa, shi hoto ya ke gyarawa, ba ya taɓa wannan hed ɗin. Furodusan da ke shirin ɗora tsohon fim ɗin sa na zamanin su Sangaya da Wasila a intanet, idan ya ba yaron shago mastan ya juye da kowace irin bidiyo, hoton na iya fita sumul, maganar jarumai ta fito kamar daga rijiya. Kuma kada a ce ai manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta gyara. Abin da hed bai karanto ba babu shi a cikin fayil ɗin, abin da manhajar za ta sa zato ne kawai, ta ƙago "s" ɗin ta ta liƙa wa mamaci a baki.

Lokaci ma ba ya jira. A 2019 hukumar UNESCO da IASA su ka yi gangamin gargaɗi cewa injinan karanta zare da kayan gyaran su na ƙarewa a duniya, har su ka ambaci wajen 2025 a matsayin lokacin da abin zai fara gagara. Shekarar ta zo ta wuce. Rikodojin da su ka rage su na hannun tsofaffin masu gyara da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, kuma kowace na da hed ɗin da ke ƙara cinyewa.

Saboda haka mai zare a Zango ko 'Yardaje ko Ɓaure, idan ya kai kayan sa Daura ko Katsina ko Kano a juye masa, ya roƙi abu uku kafin ya biya. A sa masa minti ɗaya ya ji, a murɗa sukurun a gaban sa, a sake sa masa ya ji bambanci. A ba shi fayil ɗin WAV, aƙalla mai 48 da bit 24, MP3 ya zama na turawa a waya kawai. Sannan a mayar masa da zaren sa cikin kwalin sa, ya rubuta suna da shekara da wurin da aka ɗauka a jiki idan an sani, ya jingine shi a tsaye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da lasifika da kwanon rufi.